Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Harkokin Teku: Ruwan Vom Ma Teku Yake Tafiya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, Abuja.
Kwafi ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Babban Sakataren Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan aiki yana tafiya yadda ake so. Ni malamin kimiyyar halittu ne a Jos. A nan aka haife ni, a nan kuma furfura ta same ni da alli a hannu. Na san abin da zai fara zuwa ran duk wanda ya ga wasiƙa a kan teku ta fito daga garin da ke bisa tsauni, mita wajen 1,200 sama da bakin ruwa. Zai ce ina ruwan biri da gada. To wannan tambayar ce ma ta sa na zauna rubutu, don an taɓa jefa wa wata ɗalibata ita a bainar jama'a, kuma har yau ban huce ba.

Yarinyar tun tana aji huɗu na sakandare take hannuna. Mahaifinta daskararren kifi yake sayarwa, irin wanda manyan motoci masu sanyi ke saukewa kwali-kwali: titus da kote da shawa. Ita ke taya shi lissafi ranar Asabar, kuma da yake yarinya ce mai karanta duk rubutun da idonta ya faɗa a kai, sai ta riƙa karanta jikin kwalayen. Wannan daga Norwe, wancan daga Holan, wani daga Muritaniya. Wata rana ana tsakiyar darasi ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu namu tekun ba kifi ne a ciki?" Na ba ta irin amsar da malami ke bayarwa idan an ritsa shi bai shirya ba. Na ce akwai, amma zancen da tsawo.

Ba ta manta ba. Ta yi digirin farko a nazarin dabbobi, ta yi bautar ƙasa, ta koma neman digiri na biyu a wata jami'a a nan Arewa wadda ba zan kama sunanta ba, don abin da ya same ta a can zai iya samunta a kowace. Launin ruwan tekunmu ta so ta bincika. Akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, masu yawo a saman ruwa, ana ce musu filankiton. Su ne tuwon ƙananan kifaye, ƙananan kuma su ne na manya. Idan suka yi yawa ruwan yakan sauya launi, kuma tauraron ɗan'adam yana iya auna wannan sauyin daga sama. So take ta jera hotunan shekaru masu yawa, ta ga yadda launin ke canzawa a bakin Neja-Delta idan kogi ya kawo ruwan damina, da yadda yake idan ya ja baya da rani. Ranar da ta tsaya kare batun, ɗaya daga cikin malaman ya kece da dariya ya ce, "Ke 'yar Jos, ko iyo kin iya?" Wani kuma da ya fi shi adalci ya ja ta gefe ya faɗa mata gaskiya: babu mai duba irin wannan aiki a sashen, babu kuɗin tura ta bakin teku ta ɗebo ruwa ta gwada da abin da tauraron ya nuna, kuma babu yarjejeniya da wata cibiya a can da za ta karɓe ta. Ƙarshenta 'ya'yan tarwaɗa ta kiwata a robobin wanka goma sha biyu, tana ba su garin zogale, tana auna nauyinsu duk mako. Ta ci jarrabawa, ta karɓi takarda. Kundin yana can a kan kanta, a tsakiyar 'yan uwansa masu kama da shi kamar an tsaga kara.

Malami na biyun ban ga laifinsa ba, abin da ke ƙasa ya faɗa. Rigimata da dariyar na farkon ce, don ba shi kaɗai ke yin ta ba. Ana yin ta a majalisun jami'o'i, ana yin ta wajen raba kuɗin bincike, iyaye ma suna yin ta a gida. Tunanin shi ne teku kayan jihohi takwas ne, daga Legas zuwa Kuros Riba, sauranmu 'yan kallo ne. Ina so in nuna muku cewa ko ta fuskar kimiyya zalla wannan tunanin ba shi da ƙafar tsayuwa.

Tudun Filato kamar rufin ɗaki yake, ruwan da ya sauka a kansa ta kowane gefe yake zuba. Kogin Dilimi da ya ratsa tsakiyar Jos, wanda muke juye wa shara ba kunya ba tsoron Allah, arewa maso gabas yake nufa, ya shiga ƙasar Bauchi ya zama ruwan Jama'are, ya gamu da na Haɗeja, su bi ta Yobe zuwa Tafkin Chadi. Amma a matsa kaɗan zuwa wajen Vom, ruwan da ya sauka a can na kogin Kaduna ne. Shi zai ratsa Kaduna, ya juya injinan Shiroro, ya faɗa Neja. Gongola ma daga gabashin tudun nan ya taso, ya wuce Dadin Kowa da Kiri, ya shiga Binuwai a Numan. Neja da Binuwai su haɗu a Lokoja, daga nan sai teku. Saboda haka ledar fiyawota da aka yar a kwata, da ragowar taki da maganin feshi na gonakin dankali da tumatir, da jar ƙasar da masu wankin kuza ke saki, wani kaso nasu a gidan kifin mutanen Bayelsa yake kwana. Wani bincike da masana a Jamus suka fitar a 2017 ya sa Neja a cikin koguna goma da suka fi kai robobi teku a duniya. An yi ta gardama a kan lissafin daga baya, don yawancinsa ƙiyasi ne da aka yi da kwamfuta daga nesa. To wa ya kamata ya tsaya a Numan da Lokoja da Baro da raga da ma'auni, shekara bayan shekara, ya kawo ƙarshen gardamar, in ba ɗalibanmu ba?

Ba shara kaɗai muke aikawa ba, akwai kuma abin da muke hanawa. Yashi da laka da kogi ke ɗauka su ne suka gina Neja-Delta tun asali. Tun da aka datse Neja a Kainji a 1968, aka biyo da Jebba da Shiroro, wani ɓangare na wannan lakar a bayan madatsu yake kwanciya. Mu mun samu wuta, gaɓa kuma ta rage samun abin da take cike gurbin da igiyar ruwa ke ci.

Wannan tafiyar ruwa ce daga mu zuwa teku. Dawowarsa ta fi shafar tukunyarmu. Daminar da manomin Mangu da na Funtuwa da na Gumel ke jira, daga Mashigin Tekun Gini iska ke ɗauko ta. Wajen watan Mayu zuwa Yuni ruwan tekun da ke daidai tsakiyar duniya yakan yi sanyi, a daidai lokacin da Sahara ke tafasa, kuma wannan bambancin zafi yana cikin abubuwan da ke ingiza iska mai laima zuwa Arewa. Shekarar da ruwan mashigin ya ƙi yin sanyi yadda ya saba, hadari yakan so ya yi zamansa a Kudu, mu kuma mu yi ta kallon sama. Farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu ba sa son a tuna musu, an daɗe ana ɗora laifinsu a kan makiyayi da mai saran itace. Daga baya bincike, musamman wanda aka wallafa a 2003, ya nuna cewa sauyin zafin ruwan tekunan duniya shi ne babban abin da ya juya daminar Sahel a waɗannan shekarun. Ruwa na Allah ne, babu musu, amma Shi ne kuma Ya sanya masa sababi, Ya ba mu hankalin bibiyar sababin. Tun 1997 akwai jerin na'urori masu iyo da aka girke a Tekun Atlantika, har da cikin Mashigin Gini, suna auna zafin ruwa da gishirinsa da ƙarfin iska dare da rana. Sunan shirin PIRATA. Ƙasashen da suka kafa shi uku ne: Brazil da Faransa da Amurka. Daminar tamu ce, ma'aunin na wasu.

Bari in ɗan ratse, don abin yana ba ni sha'awa a matsayina na malami. Ƙurar hunturun da ke fasa mana leɓe a Disamba, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe. Idan ta wuce mu sai ta faɗa Atlantika da sinadaran ƙarfe da fosfaros a jikinta, ta zama taki ga filankiton ɗin nan da ɗalibata ta so ta bincika, wata ma har dajin Amazon take kaiwa. Sannan a lissafin masana duwatsu, Arewar nan kanta ta taɓa zama ƙasan teku. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe a cikin ruwan gishiri ya kwanta, kuma har yau ana tsintar ɓawon halittun teku da suka zama dutse a cikinsa. Akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da ya rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, wanda aka tono ƙasusuwansa a ƙasar Sakkwato, masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Duk shekara idan na faɗa wa 'yan aji shida wannan sai ajin ya yi tsit, sannan wani ya ce, "Malam, Goronyon da muka sani?" Ita fa.

Ni kaina ban ga teku ba sai da bautar ƙasa ta jefa ni wani ƙauyen masunta a Akwa Ibom. Na je da girman kan mai digiri, na dawo da kunya. Wani tsoho da bai taɓa shiga aji ba yakan dubi wata da launin ruwa ya ce gobe bonga za ta shigo, kuma ta shigo. Matan garin su yi ta banda, hayaƙin da ƙamshin sak na kifin Baga da ake kawo mana. A can na ga yadda wani irin kwakwan fadama da ake kira nipa, wanda aka shigo da shi Kalaba daga Asiya a 1906, yake cinye gurbin itatuwan mangurob, wato dazukan nan masu saiwa a cikin ruwan gishiri inda kifi da jatan lande ke renon 'ya'yansu. Ina ganinsa na tuna da kacalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ta hana noma da su. Ciwon ɗaya ne: an taɓa tafiyar ruwa, wani tsiro ya samu sarari ya mamaye. Ayu ma da masuntan can ke ba da labarinsa da girmamawa, shi ne dai ayun da ke cikin Binuwai har zuwa tafkin Pandam a nan jiharmu. Dabba ɗaya, tana zaune daga bakin teku har gindin tudun Filato, amma mun raba masu nazarinta gida biyu ba sa ko gaisawa: na ruwan daɗi a New Bussa da Baga, na ruwan gishiri a Legas da Kalaba. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe.

Ranka ya daɗe, ba na cewa ba a yi komai ba. Cibiyar Nazarin Teku ta Ƙasa, NIOMR, tana nan a Victoria Island tun 1975. Jami'ar Kalaba ta daɗe da cibiyar nazarin teku, Jami'ar Legas tana da sashen kimiyyar teku, haka Jami'ar Fasaha ta Akure, ga kuma Jami'ar Harkokin Ruwa ta Okerenkoko. Ma'aikatarku kanta, da aka ƙirƙira a watan Agustan 2023, alama ce ta cewa an farka. Amma a ɗora waɗannan a kan girman aikin. Gaɓarmu ta kai kilomita 853. Dokar teku ta duniya ta 1982 ta ba mu ikon arzikin da ke cikin ruwa har nisan mil 200 na teku, kuma a 2023 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince mana da ƙarin murabba'in kilomita 16,300 na ƙasan teku. Dajin mangurob ɗinmu shi ne mafi girma a Afirka. Kunkurun teku iri-iri suna hawowa rairayinmu su yi ƙwai. Akwai wani dolfin mai doro da ba a samunsa ko'ina a duniya sai gaɓar yammacin Afirka, yana dab da ƙarewa. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce gyaran ɓarnar mai zai iya cin shekara 25 zuwa 30, wato aikin tsara guda ne na masana. A watan Disambar 2022 kuma ƙasashen duniya, har da mu, suka yi alkawari a Montreal cewa za su killace kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030. Yaya za a killace abin da ba a ƙirga ba, kuma su wa za su ƙirga?

Tambayar yarinyar nan ta aji huɗu ma tana nan. Alƙaluman da hukumomi suka daɗe suna ambata sun ce muna buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa bai wuce miliyan 1.2 ba. Giɓin nan da dala ake cike wani sashensa, kuma idan dala ta tashi, a kwanon almajiri da na mai gadi ake fara ganin alamar.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na roƙon a kafa tsangayar nazarin teku a Jos, ko a buɗe wata sabuwar jami'a don a ce Arewa ma ta samu nata rabon. Mun ga irin wannan: a kafa allo a bakin titi, a naɗa shugaba, a sayi motoci, ɗakin gwaji kuwa ko famfo babu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙofa nake roƙo, ba gini ba.

Kuma ba sai an je nesa neman misali ba. A bayan garin nan, a dajin Amurum kusa da Laminga, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da aka kafa a farkon shekarun 2000 tare da Jami'ar Jos. Ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara don digiri na biyu a fannin kare halittu, ta ɗauki nauyinsu, ta kawo malamai daga ciki da waje, ta matsa musu a kan lissafin ƙididdiga da aikin daji har sai sun goge. Yau 'ya'yanta suna ko'ina a Afirka ta Yamma suna jagorantar bincike. Ba yawan gine-gine ya yi wannan ba. A garin nan kuma Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam ta Ƙasa take, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya. Yau rabin aikin masanin teku a gaban kwamfuta ake yinsa. Bayanan shirin taurarin ɗan'adam na Turai mai suna Copernicus kyauta ne ga duk mai intanet. Na'urorin Argo kusan 4,000 da ke nutso suna tasowa a tekunan duniya, abin da suka auna kyauta ne. Jami'ar Jos kuma ta daɗe tana koyar da nazarin halittun ruwa da kifi, a jihar da aka kafa gonar kifi ta Panyam tun farkon shekarun 1950. Kayan miyan suna nan a warwatse, mai haɗa tukunyar ake nema.

Abin da nake gani shi ne digiri na biyu na haɗin gwiwa, tsakanin jami'a ɗaya ko biyu na cikin ƙasa da ɗaya ta bakin teku, tare da NIOMR. Ɗalibai kamar goma sha biyar a shekara sun isa a fara, a gauraya su, ɗan Brass da 'yar Bukur da ɗan Argungu a aji ɗaya. Su yi zangon farko a tudu suna koyon ƙididdiga da sarrafa hotunan tauraro da aunon kogi, a koya wa wanda bai iya iyo ba, tunda abin dariya ne a wurin wasu. Sannan su sauka gaɓa wata shida cur, su shiga kwalekwale, su sha laka, su koyi sunan kifi daga bakin masunta kafin su nemo shi a littafi. Kowane ɗalibi da masu duba aiki biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wannan ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Shirin WASCAL na ƙasashen Afirka ta Yamma kan nazarin sauyin yanayi, wanda Jamus ke tallafawa, yana da digiri na biyu kan sauyin yanayi da kimiyyar teku a garin Mindelo na Kef Bad, yana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen shirin, kuma cikin ƙasashen har da Mali da Nijar da Burkina Faso, waɗanda ko taku ɗaya na gaɓa ba su da shi. Ba a tambayi ɗan Yamai ko ya iya iyo ba kafin a yarda cewa daminarsa daga teku take.

Sai maganar jirgi. A 2014 aka samo wa NIOMR jirgin bincike mai suna Bayagbona, kuma jirgin Norwe mai suna Dr Fridtjof Nansen, da ke aiki ƙarƙashin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yakan zo ruwan Afirka ta Yamma ya ɗauki masanan yankin. Roƙona shi ne duk fitar da jirgin bincike zai yi da sunan Najeriya, a ware gado biyu ko uku na ɗaliban digiri na biyu da na digirgir, a yi shelar gurbin a fili wata uku kafin tafiya, a zaɓa bisa ingancin abin da ɗalibi zai bincika. Kada ya zama sai wanda ya san wani.

Ga masu riƙe da asusun bincike kuwa, magana ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa duba aikin ɗalibi ya san ta. Kogi ba ya jiran takarda ta gama zagaya ofisoshi. Ambaliyar Neja a Lokoja wajen Satumba da Oktoba take kai ƙololuwarta, kunkuru yana da watannin ƙwansa, bonga tana da lokacinta. Ɗalibin da kuɗin fitarsa ya iso a Janairu ya yi asarar shekara guda, kuma shi ne gobe zai koma robobin tarwaɗa, don su ba ruwansu da wata. A ware ƙaramin kaso na aikin fili, a biya shi kafin lokacin, a hannun ɗalibi da mai duba shi, su kawo rasit. Kuɗin bai kai na taron bita guda a otal ɗin Abuja ba.

Abin da ya fi waɗannan wuya, don ba ya kawo hoton yanke ƙyalle, shi ne awo mai ɗorewa. Kundin shekara ɗaya ba ya nuna ko teku na sauyawa. Sai an auna wuri ɗaya, da hanya ɗaya, shekara ashirin. A zaɓi tashoshi daga Vom zuwa Shiroro zuwa Lokoja zuwa Forcados, kowane rukunin ɗalibai ya karɓa daga na gabansa, a zuba sakamakon inda kowa zai gani. Haka nan a samu ma'ajiya ta ƙasa da za a adana samfurin kowace halitta da aka kamo, da sunanta na kimiyya da wanda masunta ke kiranta da shi. Sarkawan Yawuri da masuntan Argungu sun bambance kurungu da ƙaraya da yauni da giwan ruwa tun kafin a haifi kakan mai digiri, haka Ijo da Ilaje a nasu ruwan. Tsofaffin nan mutuwa suke yi da abin da suka sani.

Hukumar jami'o'i kuma nata mai sauƙi ne. Sabon tsarin manhaja da aka ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. A ƙarfafa wa jami'o'in Arewa gwiwa su sa darasi ko guda ɗaya a kan alaƙar kogi da teku da damina, ga ɗaliban halittu da na labarin ƙasa da na aikin gona.

Na san akwai wanda zai karanta wannan a Fatakwal ko Yenagoa ya ce, ga su nan kuma, sun hango sabuwar ma'aikata sun zo neman kaso. Ba zan ga baƙinsa ba. Su ne man ya malala a gonakinsu, su ne teku ke cinye wa gidaje kamar yadda yake cin garin Ayetoro a Ondo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Ya'yansu ne ya kamata su fi yawa a wannan fanni, su kuma ja gaba. Abin da nake cewa shi ne wani sashe na yoyon daga rufinmu yake, kuma ba za a toshe shi daga ƙasa kaɗai ba. A 2012 da 2022 ruwan da ya tashi garuruwa a Adamawa da Binuwai shi ne bayan 'yan makonni ya shanye Bayelsa.

Da sallar da ta wuce ɗalibar tawa ta zo gaishe ni. Yanzu koyarwa take yi a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma ta zauna a shagon mahaifinta. Bayan an ci an sha sai ta ciro kwamfutarta daga jaka. Ashe ba ta bar abin ba. Da kuɗin datarta, cikin dare idan an kawo wuta, ta sauke hotunan shekaru da dama, ta koya wa kanta yadda ake jera su. Ta nuna mini bakin Neja-Delta, wani kore-kore yana bazuwa cikin shuɗin ruwa bayan damina, yana janyewa da rani. Na ce to ai kin gama. Ta ce a'a Malam, ban san ko filankiton nake gani ko laka ba. A bakin kogi ruwan ɗauke yake da laka da ruɓaɓɓen ganye, tauraron yakan ɗauke su a matsayin tsiro, da damina gajimare ya rufe, da hunturu ƙura ta ruɗa shi. Sai an je wurin a cikin kwalekwale, ranar da tauraron zai wuce, an ɗebo ruwa an tace an auna, sannan a san gaskiyar hoton. Ta lissafa mini abin da take buƙata: kwalabe, da takardar tacewa, da akwatin ƙanƙara, da ɗakin gwajin da zai karɓe ta na mako shida, da wani masani da zai yarda ya duba aikin.

Ta tambaye ni ko na san wanda za ta rubuta wa. Na ce mata ban sani ba, amma zan tambaya. Shi ne nake tambaya, ranka ya daɗe.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Wani malamin kimiyyar halittu,
Jos, Jihar Filato.